Saurin hawan jiragen yaƙi na 1917 da 1918 cikin wasannin kwaikwayon tuƙi: yaya za a auna gaskiyarsa?

Tsakure

Wannan maƙala tana duba wata gardama da ta daɗe tsakanin masu shirya wasannin kwaikwayon tuƙin jirgin sama a kwamfuta da masu yin wasan, wato ko jiragen Yaƙin Duniya na Ɗaya suna hawa sama cikin wasa kamar yadda suka hau a zamaninsu. Muna nuna cewa saurin hawa rara ce da ke saura bayan an cire wani babban adadi daga wani babban adadi, saboda haka ƙaramin saɓani cikin takardun tarihi yana zama babba idan ya iso ga hawa. Daga nan muke ba da shawarar ma'aunai uku da suka fi dacewa da wannan bincike.

1. Gabatarwa

Tun daga 1990, shekarar da kamfanin Dynamix ya fitar da Red Baron, kamfanin MicroProse kuma ya fitar da Knights of the Sky, ba a rasa wasan kwamfuta da ke zaunar da mutum a kujerar matuƙin jirgin yaƙi na fagen dagar arewacin Faransa da Beljiyam ba. Daga baya aka samu Rise of Flight a 2009, sannan Flying Circus a 2019. Wasannin baya-bayan nan suna lissafa yadda iska ke aiki a kan sassan jirgi sau da yawa cikin kowane sakan, kuma masu shirya su suna da'awar cewa sun bi takardun tarihi. Ga mutane da yawa a yau, abin da suka sani game da yaƙin sama na wancan zamani daga irin waɗannan wasanni ya fito, ba daga littafi ba. Idan wasan ya sa wani jirgi yana tsere wa abokin gabarsa wajen hawa alhali a tarihi ba haka aka yi ba, mai wasa zai tashi da fahimtar da ta karkace game da dalilin da ya sa wani ɓangare ya rinjayi wani a wata kaza.

Dalilin da ya sa hawa ya fi komai jawo gardama a bayyane yake. A yaƙin sama na lokacin, wanda yake bisa shi ke zaɓen lokacin faɗa: ya faɗo wa na ƙasa idan ya ga dama, ya ƙi faɗa idan bai ga dama ba. Ƙa'idojin da matuƙin Jamus Oswald Boelcke ya tsara a 1916 sun fara da neman fifiko tun kafin a kai hari. Jirgin da ya riga wani kaiwa metir 4000 da minti biyar ya riga ya ci rabin faɗan.

Tambayarmu ita ce: idan mai wasa ya ɗauki agogo, ya auna mintocin da jirginsa na kwamfuta ya yi kafin ya kai wani tsawo, ya kwatanta da adadin da ya gani a littafi, ya ga bambanci, me wannan bambanci yake tabbatarwa?

2. Kalmomin da muka yi aiki da su

Da yake wannan fanni bai samu rubuce-rubuce da yawa da Hausa ba, ya kamata mu tsaida ma'anar kalmomi tun da farko. «Ƙarfin inji» shi ne aikin da inji ke yi cikin sakan ɗaya, ana ƙirga shi da doki ko da kilowat. «Turjiya» ita ce yadda iska ke tare jirgi tana ja da shi baya. «Ingancin farfela» shi ne kason ƙarfin inji da farfela ke iya mayarwa turi na gaba. «Kaurin iska» shi ne nauyin iskar da ke cikin metir ɗaya mai tsawo da faɗi da zurfi. «Saurin hawa» shi ne yawan metir da jirgi ke ƙara tsawo cikin sakan ɗaya. «Iyakar hawa» kuwa ita ce inda jirgi ba ya iya ƙara tsawo, abin da ake kira plafond da Faransanci.

3. Hawa rara ce

Jirgin da ke tafiya miƙe, ba hawa ba sauka, yana kashe wani kaso na ƙarfin injinsa wajen yaƙi da turjiya. Abin da ya saura shi ne ke ɗaga jirgin. Ƙa'idar ita ce: saurin hawa daidai yake da ƙarfin da farfela ta bayar, a cire ƙarfin da turjiya ta ci, a raba da nauyin jirgi. Lamarin ya yi kama da ribar ɗan kasuwa. Wanda ya sayi buhu a jaka 20 ya sayar a jaka 25, idan farashin sayarwa ya faɗi da kashi 10 cikin ɗari, ribarsa ba da kashi 10 za ta ragu ba, rabinta ne zai tafi.

Bari mu gwada wannan da jirgin Jamus mai fukafukai uku, Fokker Dr.I, wanda Manfred von Richthofen yake tuƙawa ranar da aka kashe shi, 21 ga Afrilu 1918. Nauyinsa da cikakken kaya kilo 586 ne, injinsa Oberursel Ur.II mai doki 110, wato kimanin kilowat 81. Sauran adadai biyu da muke bukata namu ne, mun ɗauke su don koyarwa bisa abin da ya dace da jirage irin wannan: ingancin farfela kashi 70 cikin ɗari, turjiya kuma kashi ɗaya cikin bakwai na nauyin jirgi yayin da yake gudun metir 28 a sakan, wato kilometir 100 a awa.

Farfela za ta ba da kilowat 56,6. Turjiya za ta ci kilowat 23. Rarar ita ce kilowat 33,6. Idan aka raba ta da nauyin jirgi, wanda ya kai niyuton 5749, za a samu metir 5,8 a sakan. Wannan ya yi kusa ƙwarai da metir 5,7 da ake yawan kawowa a littattafai game da wannan jirgi.

Yanzu sai mu taɓa adadan ɗaya bayan ɗaya. Idan injin ya gaji ya rasa kashi 10 na ƙarfinsa, turjiya ba za ta rage cinta ba, sai rarar ta koma kilowat 28, hawa ya koma metir 4,9 a sakan: asarar kashi 17. Idan ingancin farfela 65 ne ba 70 ba, hawa zai zama 5,1; idan 75 ne, zai kai 6,5. Idan aka ƙara kilo 30 a kan jirgin, kamar matuƙi mai jiki da kayan sanyi da ƙarin harsashi, hawa zai sauka zuwa 5,4. Amma gudun jirgi a miƙe ba ya jin waɗannan sauye-sauye haka. Ƙarfin da ake bukata don gudu yana ƙaruwa kusan daidai da gudun an ninka shi da kansa sau uku, don haka asarar kashi 10 na ƙarfi ba ta rage gudu sai da kashi 3 zuwa 4. Wannan shi ya sa mai shirya wasa yake iya daidaita gudun jirgi da takardun tarihi cikin sauƙi, hawa kuwa ya ƙi zama.

4. Abin da tsawo ke yi wa rarar

Yayin da jirgi ke hawa, iska tana tsinkewa. A ma'aunin iska na ƙasa da ƙasa, kaurinta kilo 1,225 ne a bakin teku, 0,909 a metir 3000, 0,736 a metir 5000. Wannan yana cutar jirgi ta fuska biyu. Injin da ba shi da na'urar cusa iska yana shaƙar iska kaɗan, sai ƙarfinsa ya ragu. Fukafukai kuma suna bukatar jirgi ya ƙara gudu kafin su ɗauki nauyinsa, sai ƙarfin da turjiya ke ci ya ƙaru. Abin shiga yana raguwa, abin fita yana ƙaruwa.

A misalinmu, idan muka bi ƙa'idar Gagg da Farrar ta 1934 game da raguwar ƙarfin inji, a metir 3000 farfela za ta ba da kilowat 40, turjiya ta ci 26,7, hawa ya zama metir 2,3 a sakan. Injin da ya rasa kashi 10 kuwa a nan ba zai wuce 1,6 ba, wato asarar ta tashi daga kashi 17 a ƙasa zuwa kashi 30. Idan aka tara lokacin, jirgi na farko zai kai metir 3000 cikin kimanin minti 13, na biyu cikin kimanin minti 17. Jirgi ɗaya ne, zane ɗaya, masana'anta ɗaya. Bambancin minti huɗu ya fito daga lafiyar inji kawai.

Akwai kuma wani abin lura ga ɗalibanmu. Lissafin nan da ya dace da littafi a bakin teku yana sa iyakar hawa ɗan sama da metir 5000, alhali ana ba Dr.I kimanin metir 6000. Idan muka canza ƙa'idar, muka ce ƙarfin inji yana raguwa daidai da kaurin iska kawai, iyakar za ta tashi zuwa kusa da metir 5800 ba tare da mun taɓa komai a bakin teku ba. Ke nan dacewa a wuri ɗaya ba ta tabbatar da ingancin lissafi gaba ɗaya. Mai shirya wasa dole ya zaɓi ƙa'ida, kuma zaɓinsa a nan ya fi tasiri bisa abin da mai wasa zai gani a sama fiye da adadin dokin da aka rubuta a jikin inji.

Misali mafi kyau a tarihi shi ne Fokker D.VII, wanda samfurinsa ya ci gasar jiragen yaƙi ta Adlershof, kusa da Berlin, a Janairu 1918. An ƙera shi da injin Mercedes D.IIIa, daga baya wasu suka samu BMW IIIa mai doki 185. Injin BMW an yi shi da matsi mai yawa cikin silinda, ga kafireta ta musamman, ta yadda ba a buɗe masa totur duka a ƙasa don kada ya lalace; sai an yi sama, iska ta tsinke, sannan matuƙi ya ƙara buɗewa. Ta haka yake riƙe ƙarfinsa har wajen metir 2000, yayin da sauran injuna suka fara raguwa tun daga tashi. Adadan da aka saba bugawa suna ba D.VII mai Mercedes kimanin minti 38 zuwa metir 5000, mai BMW kuwa ƙasa da rabin haka. Wasan da ya ɗauki injunan biyu a matsayin adadin doki kawai, ya bi da su ƙarƙashin ƙa'idar raguwa ɗaya, ba zai taɓa fitar da wannan tazara ba.

5. Takardun tarihi ba su magana da murya ɗaya

Idan lissafi yana da sauƙin karkacewa haka, sai a ce a koma ga takardun gwaji na zamanin. To, su ma suna da nasu matsaloli, kuma za mu kawo biyar.

Na farko, hanyar aunawa. Ana auna tsawo da na'urar da ke bin matsin iska, ko mai allura ko mai zana layi a kan takarda. Matsin iska ba tsawo ba ne. Sai an gyara shi da zafin ranar. Idan matsi ɗaya ne, iskar rana mai zafin digiri 25 ta fi ta rana mai digiri 5 ƙasa da sifiri tsinkewa da kashi 10 cikin ɗari. Gwajin bazara da na hunturu ba za su ba da sakamako ɗaya ba sai an mayar da su ga ma'auni guda. A Ingila, Henry Tizard ya yi aiki a kan wannan gyara, kuma tashar gwaji ta Martlesham Heath, da aka buɗe a farkon 1917, ta bi tsari mai kyau. Faransa tana gwajinta a Villacoublay, Jamus a Adlershof, kowa da hanyarsa. Ma'aunin da wasanni ke aiki da shi yau, digiri 15 a bakin teku da raguwar digiri 6,5 kowane metir 1000, ya samo asali daga aikin Bafaranshe Albert Toussaint, kuma sai a 1920 Faransa ta ɗauke shi a hukumance, bayan yaƙi ya ƙare.

Na biyu, wane jirgi aka gwada. Samfurin da masana'anta ta kai gasa, an goge shi, an zaɓa masa inji mafi kyau da ƙwararren matuƙi, wani lokaci ba cikakken kayan yaƙi, ba ɗaya yake da jirgin da ya kwana watanni biyu cikin ruwan sama da taɓo a bakin daga ba. Fukafukan katako da yadi suna shan laima su yi nauyi, wayoyi suna saki, faci yana ƙaruwa. Jirgin da aka kama daga abokan gaba kuwa sau da yawa ya faɗi ne aka gyara, a sa masa man da ba nasa ba, wani lokaci da farfelar da ba tasa ba, a ba matuƙin da bai saba da shi ba.

Na uku, sunan inji ba ƙarfinsa ba ne. Jamusawa suna kiran Mercedes D.III da sunan ajinsa na doki 160, amma D.IIIa da ya biyo baya Ingilishi sun lissafa shi doki 180. Ga shi kuma dokin kansa iri biyu ne: na Faransa da Jamus wat 735,5, na Ingila wat 745,7.

Na huɗu, suna ɗaya, injuna da yawa. Sopwith Camel, wanda aka ƙera kusan 5500, ya tashi da Clerget 9B mai doki 130, da Clerget 9Bf mai 140, da Le Rhône 9J mai 110, da Bentley BR1 mai 150. Wanda ya ce «Camel yana kai tsawo kaza cikin minti kaza» bai faɗi komai ba sai ya ambaci injin.

Na biyar, mai. Injuna irin su Clerget da Oberursel silindojinsu ne ke juyawa tare da farfela, sandar tsakiya tana tsaye, kuma man shafawarsu na zurma ne, wadda wasu ke kira cika-gida, domin fetur ba ya narkar da shi. Takunkumin teku ya hana Jamus samun isasshen man zurma, sai ta koma ga madadi marar inganci, injunan Dr.I suka yi ta lalacewa a zafin bazarar 1918. Dr.I na kakar 1917 da na tsakiyar 1918 ba su da rara ɗaya.

A kan duk wannan, ba za a iya sake gwada ainihin jirgin ba. An ƙera Dr.I guda 320, babu ko ɗaya da ya rage cikakke. Wanda aka ajiye a gidan tarihi na Zeughaus a Berlin ya halaka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Waɗanda ke tashi yau kwaikwayo ne, da yawansu da injunan zamani. Kaɗan ne aka yi da injuna na asali ko aka sake ƙera su bisa zanen asali, kamar aikin Mikael Carlson a Suwidin da na kamfanin The Vintage Aviator a Niyu Zilan. Waɗannan suna da amfani ƙwarai, amma masu su ba su cika hawa da su metir 5000 da totur a buɗe ba.

6. Shaidar matuƙa: hawa iri uku

Masu wasa suna yawan kafa hujja da labarin matuƙan zamanin, waɗanda suka yaba hawan Dr.I, musamman bayan faɗan 23 ga Satumba 1917 inda Werner Voss, cikin ɗaya daga samfuran farko na wannan jirgi, ya daɗe yana kokawa shi kaɗai da jiragen S.E.5a na runduna ta 56 ta Ingila kafin a harbo shi. Amma idan muka dubi adadai, Dr.I yana ɗauke da kilo 5,3 kan kowane doki, Camel mai Clerget 9B, da nauyinsa na kilo 659, yana ɗauke da 5,1. Nauyin da ke kan kowane murabba'in metir na fiffike kusan ɗaya ne gare su, wajen kilo 31. Jirgin Faransa SPAD XIII mai injin Hispano-Suiza ya fi su duka a wannan fuska, da kimanin kilo 4 kan kowane doki. To, daga ina sunan Dr.I ya fito?

Amsar ita ce kalmar «hawa» tana ɗauke da abubuwa uku. Akwai saurin hawa mai ɗorewa, wanda muka lissafa a sama. Akwai miƙewar hawa, wato kusurwar da jirgi ke bi. Jirgin da ke hawa metir 5,8 a sakan yana gudun metir 28 yana bin kusurwar digiri 12. Wani da ke hawa 6,3 yana gudun 38 yana bin digiri 9,5. Bayan minti ɗaya na biyun ya fi tsawo da metir 30, amma ya yi nisa. Wanda ke cikin faɗan kusa zai ga na farkon ne ya taso masa bisa kai. Fiffiken Fokker mai kauri ne, ba kamar siraran fukafukan Ingila da Faransa ba, kuma fiffike mai kauri yana jure ɗaga hanci sosai kafin iska ta sake shi. Wannan ya ba Dr.I damar hawa a tsaye-tsaye da gudu kaɗan.

Na uku shi ne tsalle, inda jirgi ke sayar da gudunsa ya sayi tsawo. Jirgin da ke gudun kilometir 180 a awa, idan matuƙi ya ja sanda har gudun ya koma 90, zai tashi kimanin metir 95 cikin ƴan sakanni, ko da injin bai ƙara masa komai ba. Wanda ya gan shi zai rantse cewa yana hawa kamar kibiya, alhali abin ba ya ɗorewa. Labarin matuƙa yawanci game da iri na biyu da na uku ne. Takardun gwaji game da iri na farko ne. Wanda ya sa su gaba da juna ya haɗa abin da ba a haɗawa.

7. Hannun mai wasa

Saura abu ɗaya: shi kansa mai aunawa. Kowane jirgi yana da gudun da hawansa ya fi kyau. Idan aka ɗaga hanci fiye da kima turjiya ta ƙaru, idan aka yi ƙasa da shi ƙarfi ya tafi wajen gudu. Farfelar katako ba ta canza kwanciyar ruwanta, don haka idan gudu ya ragu injin ma yana rage juyawa, ba ya ba da cikakken dokinsa. A injuna masu juyawa, matuƙi da hannunsa yake rage fetur yayin da iska ke tsinkewa. Wanda ya manta, injinsa zai shaƙe da mai. A injuna masu ruwa kamar na SPAD, buɗe murfin lagireto yana sanyaya inji amma yana ƙara turjiya. Mai wasan da ya tashi da rabin tanki, ko ya zaɓi taswirar hunturu, ya riga ya canza sakamakon kafin ya danna agogo.

Haka nan akwai abin da kwamfuta ba ta iya kawowa. A metir 5000 ma'aunin iska yana ba da digiri 17,5 ƙasa da sifiri, matsin iska ya kusa rabin na ƙasa, matuƙi yana zaune a kujera buɗaɗɗiya, galibi ba iskar shaƙa ta kwalba, hayaƙin man zurma yana dukan fuskarsa. Bayan minti 30 na hawa, hannunsa da hankalinsa ba kamar na mai zama a ɗaki ba ne. Wasanni da yawa kuma suna ba da damar fara faɗa tun a sama ko gaggauta lokaci, sai mai wasa ya rasa sanin tsadar tsawo, wadda ita ce ta sa matuƙan 1918 suke rowa da shi.

8. Ma'aunai uku da muke ba da shawara

Daga abin da ya gabata, muna ganin bai dace a nemi wasa ya buga adadi guda daidai ba, tun da tarihin kansa bai bar mana adadi guda ba. Abin da ya kamata a tambaya uku ne.

Na ɗaya, ko sakamakon wasa ya faɗa tsakanin mafi kyau da mafi muni na gwaje-gwajen da aka sani, bayan an daidaita nauyi da inji da zafin iska. Bisa lissafinmu, saɓanin kashi 10 zuwa 15 cikin lokacin hawa bai isa hujjar kuskure ba.

Na biyu, ko an yi wa dukan jirage awo da mudu ɗaya. Idan aka gina jirgin wani ɓangare bisa takardar masana'anta, na ɗaya ɓangaren bisa gwajin jirgin da aka kama, kowane adadi yana da madogara amma kwatancen ƙarya ne. Wannan shi ne kuskuren da ya fi ɓata fahimtar tarihi, kuma shi ya fi wuyar ganewa, domin mai shirya wasa zai iya nuna takarda a kan kowane jirgi.

Na uku, ko siffar raguwar hawa da tsawo ta dace. A auna a metir 1000, 2000, 3000, 4000 da 5000, a zana layi, a duba ko D.VII mai BMW yana ƙara tsere wa ɗan'uwansa mai Mercedes yayin da ake yin sama, ko kuma Dr.I yana da miƙewa a ƙasa amma yana gajiya a bisa. Wasan da ya ci wannan jarrabawa ya kama yadda injuna da fukafukai ke aiki, ko da mintocinsa sun ɗan saɓa da littafi.

9. Kammalawa

Mun nuna cewa asarar kashi 10 na ƙarfin inji tana rage gudu da kashi 3 zuwa 4, tana rage hawa da kashi 17 a ƙasa da kashi 30 a metir 3000, kuma takardun 1917 da 1918 sun saɓa wa juna da abin da ya kai haka saboda hanyar aunawa, da lafiyar jirgi, da irin inji, da mai. Saboda haka nauyi yana kan ɓangarori biyu: masu shirya wasa su bayyana takardar da suka bi da nauyin da suka ɗauka ga kowane jirgi, masu suka kuma su faɗi gudun da suka riƙe, da man da suka ɗauka, da yanayin taswirar da suka tashi a ciki.

Ga malaman da ke koyar da ilimin motsi a shekarun farko na jami'a, lissafin sashe na 3 da na 4 ba ya bukatar fiye da na'urar lissafi ta hannu. Ana iya ba ɗalibai nauyin Camel da injunansa huɗu, a nemi su fitar da lokacin kaiwa metir 3000 ga kowanne, sannan su sauya ingancin farfela daga 65 zuwa 75 su ga ko jerin ya canza idan aka sa Dr.I a cikinsa. Muna fata mu kawo sakamakon wannan aiki, tare da lissafin turjiya dalla-dalla, a wata fitowa ta gaba.